Faɗan kunkuru a tsakar gida: Yadda tausayi ke jawo asara a Nyanya

Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Duk wanda ya taɓa ajiye mazan kunkuru biyu a tsakar gida ɗaya ya san cewa karin maganar rabin labarin ta faɗa. Yatsan naushi kam babu, amma akwai ƙoƙo mai taurin dutse, akwai baki mai kaifi, akwai kuma naci irin na dabbar da ba ta gaggawa kuma ba ta haƙura. Faɗan nasu ba shi da kuka ko gurnani, shi ya sa sau da yawa mai gida ba ya farga sai aikin gama ya gama.

A Nyanya, garin da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, daf da iyakar Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa, fili ne abin da ya fi komai tsada. Akasarin mazauna garin 'yan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida kuma 'yar ƙarama, an shafe ta da siminti ko an shimfiɗa mata intalok. A irin wannan matsatsi kunkuru yana da farin jini, domin ba ya haushi balle ya dami maƙwabta, ba ya wari kamar tunkiya, kuma ɗan ƙaraminsa bai wuce tafin hannun yaro ba. Wani yakan zo da shi daga gida bayan hutun Sallah, wani a ba shi kyauta. A sassa da dama na yankin Sahel ma an daɗe ana ajiye shi a gidajen manya, ana danganta shi da tsawon rai da kariya.

Matsalar takan faro ne daga tausayi. Yara su ga kunkurun shi kaɗai a lungu, su ce kaɗaici ya dame shi, uwar gida ta goyi bayansu, sai a nemo masa ɗan'uwa. Shekara biyu, uku, har huɗu, ana zaune lafiya, kowa ya tabbata an yi daidai. Ranar da suka balaga lissafin ke rushewa.

Babban kunkurun da aka saba gani a gidajen Arewa shi ne wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Asalinsa bakin hamada ne, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Chadi, har zuwa Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji yakan haura kilo 50, wasu har su kusanci 100, tsawon ƙoƙonsa kuma ya kai santimita 80. A daji kowane namiji harkar gabansa yake yi. Yana haƙa rami mai zurfi ya ɓuya daga zafi, ya fito da sassafe ko da la'asar ya yi kiwo. Idan ya ci karo da wani namijin sukan gwada ƙarfi, wanda ya sha kashi ya kama gabansa, magana ta ƙare. A tsakar gidan da ba ta fi taku goma ba, wanda aka kayar ba shi da inda zai nufa. Gobe ma nan zai kwana, jibi ma haka.

Yadda faɗan yake

A ƙarƙashin wuyan namiji, ƙoƙon ƙirjinsa yana da wani tsini mai baki biyu da ya miƙo gaba kamar ƙaho. Da shi yake yaƙi. Yakan janye kansa ciki, ya tako da ƙarfi ya kai karo, yana neman cusa tsinin a ƙarƙashin abokin gaba don ya ɗaga shi ya kifar. Wani lokaci tsinin yakan sami nama a wuya ko a gindin ƙafa ya huda. Akwai kuma cizo, musamman a ƙafafu da fuska.

Kifarwar ce ta fi kisa. Huhun kunkuru a sama yake, manne da rufin ƙoƙon baya, don haka idan ya faɗi rigingine sai nauyin kayan ciki ya danne huhun, numfashi ya yi wuya. A kan ƙasa mai gargada yana iya samun abin tokarawa ya juyo da kansa. A kan siminti mai santsi sai dai ya yi ta harba ƙafafu a iska. Kunkuru ba ya gumi, jikinsa yana ɗaukar zafin wurin da yake ne, kuma a watannin Fabrairu zuwa Afrilu zafin Abuja yakan haura digiri 35 da rana tsaka. Mai gidan da ya fita tun da asuba don ya riga cunkoson motoci na Kugbo, bai dawo ba sai bayan isha'i, yana iya tarar da dabbar da ya yi shekara goma yana reno ta mutu a tsakar rana ɗaya. Raunin da bai kai ga kisa ba shi ma yana da nasa haɗarin, domin ƙuda na yin ƙwai a kai, cikin kwanaki kaɗan tsutsa ta shiga nama.

Duk da haka, faɗan da ake gani da ido ya fi sauƙin magani. Wanda ya fi cin rai shi ne na ɓoye, wanda masu gida ke fassarawa da shaƙuwa. Za a ga ɗaya yana bin ɗaya duk inda ya sa ƙafa, a ce kai, waɗannan ba sa rabuwa. Za a ga sun cunkushe a lungu ɗaya suna barci, a ce ƙauna ce. Alhali mai bin yana kora ne, mai cunkusawar kuma yana ƙwace wurin kwana ne. Mai ƙarfin yakan haye kan abinci ya zauna, ko ya tare bakin inuwa. Sannu a hankali ɗayan ya rage ci, ya yawaita ɓuya, girmansa ya tsaya. Idan aka sayi biyu kai ɗaya, bayan shekara biyu aka ga ɗaya ya ninka ɗaya, a binciki zamansu kafin a zargi cuta.

Wasu sukan ce to a haɗa mace da namiji. Nan ma ba a tsira ba. Neman auren kunkuru da karo ake yin sa, namiji ya yi ta bugun mace yana hawa ba dare ba rana, musamman daga ƙarshen damina. Mace ɗaya da ba ta da maɓoya takan rame, ƙoƙonta ya goge, wani lokaci ta ji rauni a wajen wutsiya. Idan ta ɗauki ƙwai, wanda yakan kai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, tana buƙatar ƙasa mai laushi da za ta haƙa ta binne. A gidan da aka shafe da siminti tana iya riƙe ƙwan a ciki har ya zame mata ciwo. Masu kiwo da yawa sukan haɗa namiji ɗaya da mata da dama a fili mai faɗi don wahalar ta rarrabu, amma wannan tsari ne na mai gona, ba na ɗan haya ba.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne ba a iya bambance jinsi tun suna ƙanana. Duk wanda ya miƙo 'yan jarirai biyu ya ce ga mace ga namiji, zato kawai yake yi. Sai sun yi girma sosai alamun ke bayyana: cikin namiji ya lotsa kamar kwano, wutsiyarsa ta yi tsawo da kauri, tsinin wuyan ya fito, mace kuwa cikinta a shafe, wutsiyarta gajera.

Katanga, ba waya ba

Inda aka riga aka haɗa biyu, kuma aka ga karo ko cizo ko da sau ɗaya ne, maganin shi ne a raba su a ranar, kuma rabuwa ta dindindin. Ba sa sabawa da juna, kuma duka ko tsawa ba ya koya musu komai. Shingen ma yana da sharaɗi. Kunkuru yana tura duk abin da yake hango bayansa, saboda haka wayar kaji ko ƙarfe mai tsaga ba su da amfani. Zai wuni yana goga fuska a jiki, in ya yi ƙarfi ya ture. Bulo ake so ko katako mai kauri, wanda tsayinsa ya wuce inda zai leƙa, a kuma nutsa gindinsa cikin ƙasa domin gwanin haƙa ne. Kowane ɓangare ya sami inuwarsa, da kaskon ruwa mara zurfi, da wurin cin abinci. Abincin kuma ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, da ganyaye. Ragowar tuwo da shinkafa da ake zuba musu ba cimarsu ba ce.

Wanda ya tarar da kunkurunsa a kife ya juya shi a hankali, ya kai shi inuwa, ya sa shi cikin ruwa kaɗan da bai kai hancinsa ba, ba mai ƙanƙara ba. Idan akwai huji ko tsagewar ƙoƙo, aikin likitan dabbobi ne, ba na man juye ko toka ba.

Haɗa jinsi daban-daban kuwa wata ɓarnar ce. Akwai ƙaramin kunkuru mai gaɓa a bayan ƙoƙonsa, wanda ke iya rufe bayansa kamar murfi, dangin Kinixys, da ake samu a dazuzzukan tsakiya da kudancin Najeriya. Shi laima yake so, yana cin katantanwa da tsutsa da naman kaza. Zamansa da ƙaton Sahel ba ya ƙarewa da daɗi, ko don bambancin nauyi kawai. Ga kuma cuta: sabon zuwa yana iya shigowa da tsutsar ciki ko kaska, shi ya sa ake killace shi watanni kafin ya kusanci na gida. Batun kaskar ba wasa ba ne. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da sulcata da wasu jinsuna biyu daga Afirka saboda kaskar da ke jikinsu na iya ɗaukar cutar da ke kashe shanu da tumaki da awaki. Mai ɗaure ragon layya a tsakar gida ɗaya da kunkuru ya kamata ya san wannan.

Sayen na biyun yana da wani farashi da ba a gani a Nyanya. Ƙungiyar IUCN ta sanya sulcata cikin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES ta haramta fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. Najeriya tana da dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. A Senegal har ƙauye aka keɓe musu a Noflaye, kusa da Dakar, inda ake karɓar waɗanda aka ajiye a gidaje ana kula da su, aikin da sunan masani Tomas Diagne ya yi fice a kai.

Ga kuma tsawon rai. Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomoso da ya mutu a Oktoban 2019, fadar ta ce shekararsa 344. Masana sun yi shakkar wannan adadi, amma ba su musanta cewa irinsa na iya kai wa shekara 80 ko fiye ba. Ɗan hayar da ke da maza biyu, kuma mai gida ya hana shi gina katanga, zaɓi ɗaya ya rage masa: ya nema wa ɗaya wani gida. Sakinsa a dajin bayan Karshi ba mafita ba ce, domin ba ƙasarsa ba ce, kuma mafarauta za su riga damina isa gare shi. Gida mai filin ƙasa za a nema, kuma kafin a ɗora shi a mota a fara tambaya ko akwai wani namijin a can.