WANDON FARKO: Wanne Ya Kamata Mai Koyon Ɗinki Ya Fara da Shi?

A Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa Runka da Batsari, ba baƙon abu ba ne a ga almajiri riƙe da allo da asuba, da hantsi kuwa a same shi gindin keken wani tela yana koyon sana'a. Tun zamanin dā allura da alƙalami tare su ke tafiya a ƙasar Hausa, gama malamai da gardawa su ne masu ɗinkin hula da aikin wuyan riga, da shi su ke samun na cefane ba tare da sun miƙa wa kowa hannu ba. Amma a 'yan shekarun nan al'amarin ya ƙara nauyi. Sa'ad da ɓarayin daji suka matsa wa ƙasashen da ke bakin dajin Rugu, har a 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninsu aka kuma katse layukan waya, gidaje da yawa sun ga damina ta wuce ba su taka gonakinsu na nesa ba. Gona ba ta ɗaukuwa. Kan keke kuwa sai a ɗaure shi bayan babur, a sauke a Dutsin-Ma ko Katsina, kashegari a ci gaba da aiki, kuma keken ƙafa ba ya jiran lantarki.

To, abin da mai koyo ya kan fara yanka da hannunsa galibi wando ne, domin mutane suna ganin shi ne ƙaramin aiki, tun da ya ke riga ta kan rufe shi. Wannan zato yana da gyara. Riga in ta yi yawa a ce wadata, in ta ɗan matse a haƙura. Wando kuwa in hantsarsa ta gaza, mai shi ba zai iya tanƙwashe ƙafa ya zauna gaban malami ba, ba zai hau babur cikin natsuwa ba, in ya yi sujada ko dai ɗinkin ya ɓarke, ko ƙugun ya zame ya bar abin da ya wajaba a suturta. Saboda haka zaɓen irin yankan da za a fara da shi ba abin wasa ba ne.

Akwai buje, wandon iyaye da kakanni. Zamanin da Bature matafiyin nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ratsa Kurfi da Zakka a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, babu keken ɗinki a ƙasar nan, a Amurka ma shekara biyu ke nan da Singer ya sami takardar mallakar nasa, watau 1851. Tufa a lokacin sawaye ne, 'yan siraran ƙyallaye daga masaƙa, a jera su a haɗa da hannu. Don haka yankan buje duk miƙaƙƙe ne: dogayen ƙyallaye, da masu kusurwa uku, da babbar hantsa a tsakiya, ba a zubar da ko tafin hannu na abin da masaƙi ya sha wuya a kai. Ƙugunsa mutum biyu ko uku sa shiga, zariya ce ke tattara shi. Ta fuskar yanka ba shi da wuya ko kaɗan, kuma duk mai son ya gane hikimar magabata ya kamata wata rana ya ɗinka ɗaya. Sai dai yana cin yadi ƙwarai, ƙawarsa tana ga surfani da kamun ƙafa waɗanda aikin gwanaye ne, masu nemansa kuma yanzu sai mahaya dawaki ranar hawan Salla. Yaron da ke neman abin da zai kai gida ba zai fara da abin da ba a tambaya a kasuwa ba.

Akwai kuma wandon Turawa, mai zif da aljihu huɗu da wurin zura bel. Shi ne samari ke ɗoki, shi ne kuma ya fi kunyata mai gaggawa. Ƙugunsa daidai jiki a ke yin sa, in an yi kuskuren inci ɗaya ba zariyar da za ta ɓoye. Shi ne a kan yanka bisa samfurin takarda. Wani tela a Amurka, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da irin waɗannan takardu masu girma daki-daki a 1863, da tufafin yara maza da na manya ya soma. Yau ana samun dubbansu ta intanet a cikin waya, kowanne mai shi yana cewa nasa ne mafi sauƙi. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne a ƙirga gutsattsarin da za a yanka. In samfur ya ce gaba, da baya, da ɗamarar ƙugu, da marfin zif, da bakin aljihu, da jakar aljihu, to a ajiye shi sai baɗi. Ba a ba kotso satu ya rubuta alhali bai gama babbaƙu da farfaru ba.

Wanda ya dace shi ne na tsakiya, watau wandon zariya da a ke sawa ƙarƙashin kaftani ko 'yar shara. Gutsure huɗu ne kacal, gaba biyu baya biyu, wasu ma su kan haɗe gaba da baya su yanka kowace ƙafa ɗungum ba ɗinkin gefe. Ba zif, ba maɓalli, aljihu kuwa a bar shi sai na biyu ko na uku. Duk da sauƙinsa yana ɗauke da abu ɗaya mai wuya da ke cikin kowane wando, watau lanƙwasar hantsa, wanda kuwa ya iya ta a nan ya iya ta ko'ina. Ga shi kowane magidanci daga Safana zuwa Batsari yana bukatarsa.

Samfurin da ya fi kowanne yana cikin gida. A nemi tsohon wando wanda ya yi wa mai shi daidai, a warware ɗinkinsa a hankali da reza, a goge gutsattsarin su kwanta, a shimfiɗa su bisa takarda mai kauri, ko da ta cikin buhun siminti ce, a zana a yanke. Kada a ninka wando ɗinkakke a zana gefensa kamar yadda masu garaje ke yi, domin bayan wando ya fi gabansa fāɗi da tsawo, ninki kuwa yana ɓoye wannan bambanci. A rubuta "gaba" da "baya" a jikin kowace takarda.

In da awo za a yanka, a sani ba ƙugu ne abin lura ba, mazaunai ne, gama ta nan wando zai wuce kafin ya isa ƙugu. A zagaya tef wurin da ya fi kauri. Misali in an sami inci 40, a ƙara 6 na walwala, ya zama 46, a raba huɗu, kowane gutsure ya sami 11 da rabi. Sa'an nan a fitar da harshen hantsa: na gaba kamar inci 2 da rabi, na baya kamar 5. Zurfin hantsa kuwa a zaune a ke auna shi. A zaunar da mutum bisa benci, a auna daga ƙugunsa zuwa katakon, a ƙara inci ɗaya ko biyu. Tsakiyar baya a ɗaga ta inci ɗaya ko ɗaya da rabi sama da ta gaba, wannan ɗan ƙarin shi ne ke rufa asiri a ruku'u. A bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe, da inci 2 a sama na ƙubaka inda zariya za ta bi. Tsawo ya tsaya bisa idon sawu, a kuma tambayi mai shi, don akwai masu son ya ɗage fiye da haka.

Batun yadi, a nemi na auduga mai araha, marar zāne, wanda ba ya santsi. Dattawa sun koyi hannu a kan akoko, irin wanda masaƙar Kaduna ta fara fitarwa a 1957. An rufe ta a 2002, amma yadin auduga mai sauƙin kuɗi bai yanke a Kantin Kwari ko kasuwannin ƙauye ba. Yadi 2 zuwa 2 da rabi ya ishi babban mutum in mai ƙaramin fāɗi ne, na yaro kuwa ragowar wani ɗinki ma ta isa, shi ya sa ya fi kyau a fara da na ƙane. A jiƙa shi a shanya a goge kafin almakashi ya taɓa shi, don auduga ta kan ja bayan wanki. Shadda mai tsada ba ta mai koyo ba ce, in an warware ɗinki a kanta sawun allura ba ya ɓacewa. Tsawon ƙafa ya bi tsawon yadi daidai da bakinsa, in aka karkata don tsimi, ƙafar za ta riƙa murɗewa har wandon ya tsufa. A kuma ninka yadin fuska na kallon fuska a yanka biyu tare. Wanda ya yanka ɗaya bayan ɗaya bai juya takarda ba, sai ya tashi da ƙafar hagu biyu.

Attajirai da masu ba da ɗinki su lura da wani abu a nan, haka ma iyayen yara. A mazhabar Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'a yana lamunin kayan mutane da ya karɓa ya keɓanta da su. Telan da ya karɓi shaddar Salla ya miƙa wa yaron da bai taɓa yanka ba, in ta ɓaci, shi za a bi, ba yaron ba. Uban da ya saya wa ɗansa yadi 2 na koyo ya sauƙaƙa wa telan da ke koya masa, ya kuma sauƙaƙa wa yaron, don hannu ya kan yi rawa a kan kayan wani.

Haɗawa tana da tsari. A fara da ɗinkin gefe da na cikin cinya, kowace ƙafa ta zama kamar hannun riga. Sa'an nan a juya ɗaya, a zura ta cikin 'yar'uwarta fuska da fuska, a bi lanƙwasar hantsa daga gaba har baya a ɗinki guda, a maimaita sau biyu a ƙasa inda nauyi ke sauka. Wannan ɗinkin na farko a yi shi da manyan taku masu sauƙin warwarewa. Mai wandon ya sa, ya riƙe ƙugun da igiya, ya tsuguna, ya zauna ya harɗe, ya ɗaga ƙafa kamar zai hau babur. In ya ja ta baya, a ƙara sassaƙe lanƙwasar kaɗan kaɗan, rubu'in inci kowane karo, don abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. In ya yi, a bi da ɗinki na sosai, a daje bakin yadin kada ya zare, a kalmasa ƙubaka a bar ƙofar zariya a gaba, a kalmasa bakin ƙafa daga ƙarshe. Duk gyaran da aka yi a jikin yadi a mayar da shi bisa takarda, a rubuta awon da sunan mai shi, a huda ta a rataye a ƙusa inda gara da ɗigon damina ba za su kai ba.