Jan ido ya wuce, gani bai dawo ba

Duk sanda aka kammala aikin cire yanar ido na kyauta a wani gari, ba a rasa labarin da zai zaga majalisu: wane ya je da ɗan sauran ganinsa, ya dawo ana yi masa jagora. Daga nan tsofaffi su fara noƙewa, a ce wuƙar likita ce. Gaskiya ne ƙwayar cuta kan shiga ido lokacin aiki, ko da yake ba kasafai ba. Abin da masu labarin ke tsallakewa shi ne kwanakin da suka biyo baya, lokacin da idon ya yi ja, ya kumbura, yana zogi, aka ce Afolo ce, aka aiki yaro kemis.

Afolo a saman ido take zama. Wannan kuwa, da likitoci ke kira endoftalmaitis, a can cikin ƙwayar idon yake, cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. Jini ba ya ratsa wurin, don haka bakteriya na samun fili ta hayayyafa, ruwan ya koma mugunya. Maganin ɗigawa ba ya isa can yadda ake bukata, balle nonon mai jego ko ruwan sukari. Allura ake yi kai tsaye cikin idon, wani lokacin a zuƙe gurɓataccen ruwan. Kuma ba tiyata kaɗai ke buɗe wa cutar ƙofa ba. Tsartsatsin ƙarfe a maƙera da karan dawa ranar girbi duk suna yi. Wata bakteriya da ke cikin ƙasa, Bacillus cereus, tana iya gamawa da ido cikin kwana ɗaya ko biyu.

Kuskuren da ya fi ciwo yana zuwa ne bayan an sha kan cutar. Zogi ya lafa, ja ya washe, sai mutum ya ajiye katin asibiti.

A bangon baya na ido akwai wani tantani da bai kai kaurin rabin milimita ba, shi ke ɗaukar hoto ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Zamansa kamar yaɓe ne a jikin katanga. Gubar bakteriya da kumburi suna cinye shi har ya yi laushi ya huje, ruwa ya silale ta bayansa, ya ɗago kamar yadda damina ke ɓamɓare yaɓe. Ko kuma a tuna tabon ƙuna. Wanda ya taɓa ganin yaron da wuta ta ƙona a hannu ya san yadda fata ke tsukewa bayan an warke, har ta lanƙwashe yatsu. Haka tabo ke fitowa a kan tantanin, ya riƙa jan sa a hankali, makonni bayan mugunyar ta tafi. Da ya rabu da bangon ya rabu da babban tushen abincinsa, kamar dashen tumatir da aka tumɓuke aka bari a kan kunya. Duk wannan ba ya ciwo. Alamarsa walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawo kamar ƙudaje, sai inuwa ta taso daga gefe kamar ana jan labule.

A Amurka an bi majinyata 420 da cutar ta kama bayan aikin yana, aka fitar da sakamakon a 1995. Kusan takwas cikin kowane ɗari tantaninsu ya ɓalle daga baya, duk da cewa suna hannun ƙwararru tun farko.

To ina ga wanda ya guji asibiti ya kai idonsa wurin mai tura yanar ido da tsinke? Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da huɗu cikin kowane ido goma da aka taɓa saboda yana, ta wannan hanyar aka taɓa su, kuma akasarinsu sun makance.

Ana iya mayar da tantanin. A cire ruwan, a ɓare tabon, a liƙe hujin da hasken lesa, a cika idon da iskar gas ko man silikon ya danne shi. Sai dai masu wannan aiki kaɗan ne, kuma a manyan birane suke, irin Cibiyar Idanu ta Ƙasa da ke Kaduna. Masu shirya aikin kyauta sun iya ƙirga idanun da aka yi wa aiki, a ɗauki hoto, a naɗe rumfa. Da wuya ka ji an ware kuɗin motar da za ta kai tsohuwa daga ƙauye ranar da ta ce labule ya fara rufe mata gani, alhali a ranar ce, kafin ɓallewar ta kai tsakiyar tantanin, aikin ya fi yin nasara.