Nisan sama da nisan ƙasa a Adar

Idan aka shimfiɗa taswirar Nijar aka ja zare miƙe daga Yamai zuwa Tawa, za a samu kilomita kamar 375. Wannan shi ne nisan da matuƙin jirgin sama yake lissafi da shi, kuma ƙaramin jirgin fasinja yana cinye shi cikin sa'a guda ko abin da ya ɗara kaɗan. Amma direban mota bai san wannan adadi ba. Shi sai ya bi ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya karya arewa a Tsarnawa, kafin ya shiga Tawa ya yi kilomita kamar 550, yini ya kusa ƙarewa.

Dalilin wannan rata a fili yake. Jirgi ba ya kewaya dutse, ba ya neman gada, ba ya ratsa gari don kasuwarsa. Hanyar mota kuwa an shimfiɗa ta ne inda mutane suke, da inda ƙasa ta yarda.

A gundumomin Madawa da Buza da Keita ratar ta fi tsanani. Daga Madawa zuwa Tawa, a miƙe, bai cika kilomita 120 ba. Wanda ya bi kwalta ta Galmi da Tsarnawa zai yi kusan 200. Akwai hanyar da ta ratsa Buza da Keita, wadda a taswira take kamar yanke. Sai dai ƙasar Adar tudun dutse ce da kwaruruka suka tsattsaga, irin su Magiya da kwarin Keita. Mota sai ta hau fako, ta gangara fadama, ta sake hawa. Da damina kuma ƙorama guda, in ta kawo ruwa, tana iya tsayar da matafiya sa'o'i, alhali garin da za su yana nan gabansu, ana hangen itatuwansa. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, bai tsaya ga dashen itace da tare ruwa ba, har hanyoyin karkara ya gyara, domin wannan matsala.

Kamfanin Air Niger, da aka kafa a 1966, ya yi jigila tsakanin manyan garuruwan ƙasa kafin ya durƙushe. Ko a zamaninsa, mutumin Buza sai ya sha wuyar zuwa filin jirgi na Tawa tukuna, sau da yawa wannan guntuwar tafiya ta fi ta saman daɗewa. Asibitin Galmi, da aka buɗe a 1950, yana da ɗan filin da ƙananan jirage suke sauka, amma akasarin marasa lafiya a mota suke isa can, wasu a amalanke.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da yake tsara aiki a ofis ya duba wane adadi ke gabansa. Wanda ya auna taswira ya rubuta cewa ƙauye kaza yana kilomita 15 daga ɗakin haihuwa, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi sa'o'in da mai naƙuda za ta yi a hanya ba. Man motar ɗaukar marasa lafiya da kilomitan ƙasa ake ƙidaya shi, zuwa da dawowa. Haka nan kuɗin dakon buhun albasa daga lambunan Madawa, wanda a ƙarshe daga aljihun manomi ake cire shi.