James Lackington: Baduku da Ya Zama Attajirin Littattafai

A Ingila ta ƙarni na 18 littafi kayan masu hali ne, kuma mai shago kan ba da shi bashi, ya yi ta bin kuɗinsa har shekara ta zagayo. James Lackington bai gaji wannan sana'a ba. An haife shi a garin Wellington a 1746, ɗinkin takalma ya koya kamar mahaifinsa. A 1774 ya buɗe ɗan shago a Landan, ga takalma a gefe, ga buhun tsofaffin littattafai. Jarin bai taka kara ya karya ba, har sai da ya ranci fam 5 daga asusun mabiya mai wa'azin Kirista John Wesley. Shekara na zagayowa zazzaɓi ya kwantar da shi, ya kuma yi ajalin matarsa.

Da ya murmure sai ya gano inda arziƙin yake: kwantai. Idan littafi ya ƙi tafiya, masu ɗab'i kan yi gwanjon ragowarsa a tsakanin 'yan kasuwa, su kuma su lalata rabi ko fiye don kada farashi ya faɗi. Lackington ya ce ba da shi ba. Ya riƙa sarin kwantan nan da yawa, yana sayarwa a rabin kuɗi ko ƙasa da haka. Abokan sana'a suka yi masa ca, amma masu saye suka yi ta tururuwa.

A 1780 ya kafa dokar da aka ce za ta karya shi: kuɗi hannu, ba bashi ko ga wa. Kowane littafi da farashinsa a rubuce, ba tayi, ba ragi. Ribar kowane ɗaya kaɗan ce, yawan ciniki ke cike gurbin. A nasa lissafin, yana sayar da littattafai kusan 100,000 a shekara, ribar 1791 kuma ta kai fam 4,000.

Katafaren shagonsa na dandalin Finsbury, Temple of the Muses, an ce keken da dawakai huɗu ke ja ya taɓa zagaya teburin cinikinsa. Mutumin akwai son a sani, gaskiya, don har tuta ake ɗagawa idan yana nan. Ya yi murabus a 1798, ya rasu a 1815. Kamfanin da ya bari shi ya fara buga littafin Frankenstein na Mary Shelley a 1818, kwafi 500.