WANDA BA A ƘIRGA BA, BA SHI DA RABO

'Yan'uwa manoma, tashi daga gida ba sabon abu ba ne a ƙasar Rano. Sa'ad da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, daga 1971 zuwa 1974, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi dubban mutane. Dattawan Rurum Tsohon Gari shaida ne. Wanda ba a rubuta gonarsa ba, da me zai nemi diyya?

Daga baya kuwa tashin hankali ne ya kori jama'a. Rikicin Boko Haram ya watsa mutanen Borno da Yobe da Adamawa. A 2014 hukumar kula da ƙaura ta duniya, watau IOM, ta haɗa hannu da Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, suka soma ƙidaya. Ma'aikatansu sukan bi ƙaramar hukuma da gunduma, su tambayi masu unguwa da shugabannin jama'a, su kuma sāke zagayowa bayan ɗan lokaci. A ƙarshen 2015 sun sami mutum fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu. Abin lura shi ne, kashi 9 cikin 10 ba a sansani suke ba, a cikin gari suke tare da dangi da masu masauki. A 2019 aka faɗaɗa ƙidayar zuwa Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kano da waɗansu jihohi.

To, ina ruwan ƙungiyar manoma? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma baƙon da rikici ya koro yakan yi damina uku ko biyar. Yana bukatar gona da iri. In ba mu san yawansu ba, za mu sayi taki na gida 40, alhali gida 50 ke noma.

Saboda haka muna ba da shawara kowane magatakarda ya sami littafi, ya kasa shi uku.

1. Waɗanda suka zo gudun hijira. A rubuta garinsu, da watan zuwansu, da yawan bakin ci, da sana'arsu.

2. Waɗanda suka koma gida, ko namu da suka komo. Nan ne gardama takan tashi, mutum ya tarar an shuka gonarsa. Kowane aron gona a rubuta shi gaban shaidu biyu, da yawan daminar da aka shirya.

3. 'Yan cin rani. A rubuta ranar tafiya da inda suka nufa, domin a san wanda ya kamata a ajiye wa iri.

A duba littafin sau biyu a shekara, kafin shuka da bayan girbi, a kuma sanar da mai unguwa. Kada a tsallake gwauraye mata da marayu, gama su aka fi mantawa. Kada a tambayi addini ko ƙabila kafin a rubuta.

Sai mu yi hattara da abu guda. Wanda ya gudo da ransa, mai yiwuwa akwai masu nemansa. Kada a rubuta sunan kowa sai da yardarsa. In masu agaji sun zo, a ba su adadi, amma sunaye su zauna a kulle wurin magatakarda.

A taronku na wannan wata, ku ware kuɗin littafi da biro, ku fara kafin ruwa ya sauka.