Taɓin Hankali a Damagaram: Daga Turu Zuwa Ƙwayar Magani

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni kuma ya rasu a 1884, Damagaram tana da fada da igwa da kasuwar da ayarin Tarabulus ke sauka. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, gidansu ne asibitinsa. Dangi su fara zuwa wurin malam, a yi tofi, a wanke allo a ba shi rubutu ya sha. In abin ya ƙi, wata inna ta raɗa cewa iskoki ne, a nemi 'yan bori. Girka takan ɗauki kwanaki, da goge da turare da yanka, kuma ba korar iskan ake nufi ba, sulhu ake ƙullawa tsakaninsa da wanda ya hau. Mai duka da fashe-fashe sai a sa masa mari ko a ɗaure shi a turu. Wannan zalunci ne ko da ƙauna ta sa aka yi shi, amma dai ba a raba shi da danginsa ba.

Faransawa sun ci Zinder, babban birnin Damagaram, a 1899, ta zama babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Abin da ya dame su game da mahaukaci shi ne kada ya tayar da hankalin gari. Daga Senegal ma, tun 1897, a jirgin ruwa suka riƙa kwasar marasa lafiya zuwa wani gidan mahaukata a Marsai ta Faransa, da yawa ba su sake ganin gida ba. Sai a 1938 aka yi dokar kafa hidimar lafiyar ƙwaƙwalwa a yankunan Afirka ta Yamma da ke hannunsu.

Sauyi ya zo ta hanya biyu. A 1952 likitoci a Paris suka gwada ƙwayar da aka sani da Largactil, suka ga tana kwantar da mai sambatu ba tare da sarƙa ba. Sannan a 1954 Dokta Adeoye Lambo ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Dokta Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar daga 1959. A ganina, ilimin zamani ne ya dawo kan abin da tsofaffin unguwannin Birni da Zango na Zinder suka daɗe da sani.

A Nijar an buɗe sashen masu taɓin hankali a babban asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E. Sai dai tsakanin Zinder da Yamai kilomita kusan 900 ne, don haka asibiti ya zama zangon ƙarshe, bayan an sayar da akuya da gero wajen neman magani.

Yau ga sabuwar masifa, tramol, wadda ta kama matasa. Fim ɗin Aisha Maki mai suna Zinder, na 2021, ya nuna rayuwar samarin unguwar Kara-Kara da 'yan dabar da ake kira 'yan fale. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke neman a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon taɓin hankali da ba da magani. Cikas ɗin shi ne ƙwayar ta watanni ce, wani lokaci ta shekaru, kuma daga aljihun dangi ake sayenta. Da mara lafiya ya ɗan samu sauƙi sai a daina saye, ciwon ya dawo, a ce ai dama aikin aljanu ne.