Yadda Likita Ke Auna Ƙarfin Amosanin Gaɓɓai Da Lafawarsa

Daga cikin ciwace-ciwacen gaɓɓai da jama'a ke haɗawa su kira sanyi, akwai wani iri mai tsanani wanda likitoci ke kira rumatoyid. A wannan cuta garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta far wa tantanin da ke cikin gaɓa, sai gaɓar ta kumbura, ta yi zafi. Ta fi kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, kuma matan da take kamawa sun ninka maza sau biyu ko uku. Mai ita yakan tashi da safe hannuwansa a sandare, wani lokaci sai ya yi sa'a guda kafin ya iya dunƙule su.

Abin da ke ruɗin masu wannan cuta shi ne takan taso ta kuma kwanta. Mutum ya sayi ƙwayar kashe zafi a kyamis, ya ji dama, ya ce ya warke. Alhali kuwa kumburin yana nan yana cin guringuntsi da ƙashi a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Saboda haka likita ba ya tsayawa ga "na ji sauƙi" kaɗai. Sai ya auna.

GAƁƁAI 28

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana ce masa DAS28. Likitocin birnin Naimegen na ƙasar Holan ne suka fito da shi a 1995. Likita zai bi gaɓɓai 28 ɗaya bayan ɗaya yana latsawa: kafaɗu biyu, gwiwoyin hannu biyu, wuyan hannu biyu, gaɓɓan gindin yatsu 10, na tsakiyar yatsu 10, sa'an nan gwiwoyin ƙafa biyu. Zai rubuta nawa ne ke yin zafi in an latsa, nawa ne kuma suka kumbura. Lissafi biyu ke nan dabam, domin gaɓa na iya kumbura ba ta yi zafi ba, tana kuma iya yin zafi ba kumburi.

Na uku shi ne gwajin jini, ko ESR ko CRP. A gwajin ESR ana zuba jini cikin wata siririyar kwalba a tsayar da ita, bayan sa'a ɗaya a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin jini suka nutse. In akwai kumburi a jiki sukan nutse da sauri. Na huɗu kuwa daga bakin majinyaci yake fitowa: za a nuna masa layi mai lamba daga 0 zuwa 100, ya nuna inda yake ganin cutar ta kai shi. A nan kara da kawaici ba su da amfani. Wanda ya ce "da sauƙi" don kunyar likita ya ɓata lissafin da za a yi masa magani da shi.

In an haɗa huɗun nan lamba ɗaya ke fitowa. In ta wuce 5.1, cuta ta yi ƙarfi. Daga sama da 3.2 zuwa 5.1, tsaka-tsaki ce. Daga 2.6 zuwa 3.2, ta yi rauni. In ta kasa 2.6, sai a ce ta lafa.

Ma'aunin yana da nasa aibu, ya kuwa kamata majinyaci ya san shi. Ba ya ƙidaya idon sawu da yatsun ƙafa, don haka wanda ƙafarsa ke kumbure lalle ne ya tuɓe takalmi ya nuna, ko ba a tambaye shi ba. Har ila yau ESR kan hau saboda ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko juna biyu, ko tsufa, ba tare da gaɓɓai sun ƙara lalacewa ba. Inda babu ɗakin gwajin jini kuwa akwai ma'aunin CDAI, wanda ba ya bukatar jini ko kaɗan. Ana tara gaɓɓai masu zafi, da masu kumburi, da makin majinyaci daga 0 zuwa 10, da makin likita daga 0 zuwa 10. Jimlar da ba ta wuce 2.8 ba ita ce lafawa, wadda ta haura 22 kuwa cuta ce mai ƙarfi.

LAFAWA BA WARKEWA BA CE

Da aka lura cewa mutum na iya samun ƙasa da 2.6 alhali yana da sauran gaɓɓai kumburarru, sai ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da na Turai suka tsaurara sharaɗin a 2011. Suka ce kada gaɓa mai zafi ta wuce ɗaya, kada mai kumburi ta wuce ɗaya, kada CRP ya wuce miligiram 10 a lita, kada makin majinyaci ya wuce 1 cikin 10. A 2022 suka sassauta na ƙarshen zuwa 2. Ko duk an cika waɗannan, cutar kwance take kawai, kamar garwashi cikin toka. Da yawa daga waɗanda suka bar magani gaba ɗaya takan taso musu. Likita ne kaɗai zai rage magani, shi ma a hankali, bayan lafawar ta ɗore wata shida ko fiye.

Yawan awon nan ba ɓata lokaci ba ne. A wani bincike da aka yi a Gilasgo aka buga a 2004, an raba majinyata kashi biyu. Kashi ɗaya ana auna su kowane wata, a ƙara musu magani in lambarsu ba ta sauka ba, ɗayan kuma ana duba su yadda aka saba. Bayan wata 18, cutar ta lafa wa 65 cikin ɗari na kashin farko, na biyun kuwa 16 kacal. Ƙa'idar da likitoci ke bi yanzu ita ce a auna duk wata ɗaya zuwa uku muddin cutar na da ƙarfi. In ba a ga sauƙi ba cikin wata uku, ko ba a kai ga lafawa ko raunin cuta ba cikin wata shida, sai a sake shawara a kan magani.

Duk ranar da za ka je asibiti, tafi da katinka da dukan magungunan da kake sha, har da na kyamis da na gargajiya. Ƙwayoyin kashe zafi da irin su firednisolon sukan ɓoye alamun cutar, likita kuwa yana bukatar sanin haka kafin ya latsa gaɓa. Ka roƙe shi ya rubuta maka lambarka ta ranar a kati, domin a gwada ta da ta zuwa na gaba.